Ƙauyukan da Ruwan Kainji Ya Ci: A Tayar da Su a Tudu Tun Maginansu Na da Rai

A shekarar 1968 aka datse Kogin Kwara a Kainji, ruwa ya rasa hanya, ya juyo yana hawa tudu. Ya shafe tsohon garin Busa, ya haɗiye babban tsibirin Foge, ya bi gungu-gungu yana rufewa har ya iso gindin Yelwa. Tabkin da ya kwanta a wurin ya haura kilomita 130 a tsawo, shimfiɗarsa kuma ta wuce murabba'in kilomita 1,200. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga ƙauyuka da tungaye fiye da 200, cikinsu da Gungawa da Kambari da Busawa da Lopawa da Sarkawa da Hausawan bakin ruwa. An kwashi mutane da hatsinsu da awakinsu. Ɗakuna da rumbuna da zauruka kuwa ruwa aka bar wa, ginin ƙasa kuma ba ya daɗewa a cikin ruwa.

An haura shekara 55 ke nan. Idan yaron firamare a Shanga ko Wara ko Zamare ya tambayi malaminsa yadda gidan kakanninsa yake a gungu, ta ina ake shiga, ina ake zuba gero, ina ake ɗaure jirgi, malamin ba shi da inda zai kai shi ya gani da idonsa. Iyakarsa ya nuna masa tabki.

Akwai sananniyar hanyar cike wannan giɓi, ita ce gidan tarihi na fili. Ya bambanta da wanda aka saba gani, mai akwatunan gilashi da ake jera takubba da tukwane a ciki a hana taɓawa. Fili ne mai faɗi da ake tsayar da gidaje sukutum yadda masu su suka zauna a cikinsu. Baƙo ya yi sallama a zaure, ya sunkuya ya shiga ɗaki, ya ji sanyin daɓe a tafin ƙafarsa, ya leƙa rumbu, ya ga inda murhu yake, a kuma gaya masa dalilin da ya sa aka kafa shi a nan. Gani ya kori ji. Masarautar Yawuri, wato ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga, tana gaba a jerin ƙasashen Arewa da ke bukatar irin wannan wuri, domin a sauran wurare gidajen dā sun tsufa ne a hankali, ana gyarawa ana sauyawa, a bakin ruwanta kuwa cikin damina guda aka nutsar da su.

Dabarar tsohuwa ce. Wani malami ɗan ƙasar Suwidin, Artur Hazelius, ya ga masana'antu da jirgin ƙasa na share rayuwar karkara a ƙasarsu, sai ya riƙa sayen tsofaffin gidajen manoma, a kwance su gungume-gungume, a ɗauko a sake haɗawa a kan wani tudu a birnin Stockholm. A 1891 ya buɗe wurin da sunan Skansen. Yanzu gine-gine kusan 150 ne a ciki, ga masu gasa burodi da masu hura gilashi suna sana'arsu a gaban baƙi, kuma fiye da mutum miliyan ɗaya ke shiga duk shekara. Sai dai nasu gidan katako ne, yana ɗaukuwa. Namu na laka ne, sai dai a sake gina shi daga tushe. Nan gaggawar maganar take, domin abin da za a ɗauko daga tsoffin ƙauyukan yana cikin kan magina da tsofaffin mata masu daɓe da yaɓe, su kuma kullum raguwa suke yi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu. Tun 1959 aka kafa gidan tarihin ƙasa a Yamai, wanda ke ɗauke da sunan Boubou Hama, a bakin wannan kogi namu. A harabarsa akwai samfurin gidajen gargajiya na ƙabilun ƙasar, ga rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki suna sayarwa. Mutanen gari na zuwa da 'ya'yansu ranar hutu.

A Nijeriya misalin yana Jos. Zbigniew Dmochowski, masanin zanen gini ɗan ƙasar Folan, ya zo ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1950, ya yi shekaru yana yawo da mataimakansa 'yan ƙasa suna auna gidaje da masallatai da fadodi ɗaki-ɗaki suna zanawa. A shekarun 1970 aka shiga tayar da wasu daga cikinsu da cikakken girmansu a gefen gidan tarihin Jos, wanda Bernard Fagg ya buɗe a 1952. Nan aka gina kwafin wani yanki na ganuwar Kano, da na fadar Katsina, da na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19. Maginan gargajiya ne suka yi aikin, da tubali da azara. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizon masallacin nan na Jos ya ɗaga kai ya ga yadda laka da itacen giginya suka riƙe rufi mai faɗi haka, ba zai sake kallon maginin ƙasa da ido ɗaya ba.

Amfanin kwafin ya bayyana daga baya. An sauya fasalin masallacin Zariya na asali a shekarun 1970, aka kewaye abin da ya rage da sabon gini. A watan Agusta na 2023 kuma wani sashensa ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah Ya jiƙansu. Mai son ganin yadda Babban Gwani ya tsara masallacin tun asali, yau Jos ce ta fi kusa da ba shi amsa.

Amma Jos ta koyar da wani darasi mai ɗaci. Dmochowski ya rasu a 1982. Bayansa kuɗin gyara ya yi ta ja da baya, ruwan saman Filato mai yawa ne, ginin ƙasa kuma yana son yaɓe a kai a kai. Sassa da dama sun zaizaye. Ana ɗora laifin a kan ƙarancin kasafi, kuma gaskiya ne, sai dai akwai dalilin da ya fi wannan zurfi: an kai ginin Kano da na Zariya inda babu unguwar da ke ganin nata ne. Babu wanda kakansa ya kwana a ciki, babu wanda zai ji kunya idan zanko ya faɗi. Saboda haka gidan tarihin ƙauyukan Kainji kada a kai shi Birnin Kebbi, balle Abuja. A gina shi inda jikokin masu gidajen za su iya zuwa a ƙafa ko a babur.

Abin da ke ƙara sosa rai shi ne, a daidai shekarun da ake gina Kainji, daga 1964 zuwa 1968, Masar na fama da irin wannan matsala a Kogin Nilu. Madatsar Aswan za ta nutsar da ƙasar Nubiya. Ƙasashen duniya ƙarƙashin UNESCO suka haɗa kuɗi da ƙwararru, aka yayyanka wuraren bautar Abu Simbel daga jikin dutse, aka ɗaga su mita 65 zuwa tudu, aka sake haɗawa. Duwatsun fir'aunoni aka ceta, gidajen laka na talakawan Nubiya kuwa ruwa ya ci su, yadda ya ci na Gungawa. Duk da haka Masar ta waiwayo ta biya wani abu daga bashin: a 1997 ta buɗe gidan tarihin Nubiya a Aswan, har da samfurin gidansu a ciki. Nijeriya har yau ba ta waiwayo ba.

A Kainji ma an ɗan yi yunƙurin ceto. Tsakanin 1966 da 1968 masu binciken kufai sun yi tono a wurare da dama a kwarin kafin ruwa ya iso. A wani tudu kusa da Yelwa an haƙo mutum-mutumin yumɓu da tukwane da awo ya nuna sun haura shekara 1,300, shaidar cewa bakin kogin nan tsohon mazauni ne tun kafin a ji sunan Yawuri. An kwashe kayan zuwa ɗakunan ajiya na nesa, ɗan Yelwa ba shi da inda zai je a garinsu ya gan su.

To, me za a gina?

Gidan Gungawa ne farko. Su da ke kiran kansu Bareshe sun fi kowa asara, domin rayuwarsu duka a kan tsibiri take. Manoma ne na haƙiƙa, suna kuma su: gero da dawa da damina, da rani su bi gefen ruwa da lambunan albasa suna ban ruwa da hannu, albasar da ta yi suna har kasuwannin kudu. Kogi ne ke tsara musu shekara, domin Kwara sau biyu take cika. Akwai farin ruwa na daminar gida, wajen watan Satumba, akwai kuma baƙin ruwa da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya iso nan da sanyin hunturu. Gidan da ke tsibiri tilas ya yi lissafi da wannan. Inda aka kafa rumbu, da tsayin abin da aka ɗora shi a kai, da kusancin ɗakuna saboda ƙarancin fili, da mashigar jirgi, kowannensu amsa ce ga wata tambaya da kogi ya yi wa mutane shekara da shekaru. A gina gida guda cikakke, da lambun albasa a gefensa da ake nomawa da gaske, da filin kokawa, tunda kokawar Gungawa ba ɓoyayya ba ce.

Kusa da ruwa a kafa tungar Sarkawa: bukkar ciyawa, da banda inda ake ƙyafe kifi, da taru da birgi da gura da mamari, da zagon farautar dorina. A sa jirgin da aka sassaƙa daga gungume guda, irin wanda jiragen katako masu inji suka kora daga tabki, a kuma bar masassaƙi ya riƙa aikinsa a gaban yara. Gidan Kambari da rumbunansa, da rugar Fulani, da soron attajirin Yelwa mai zaure da shigifa, kowanne ya sami gurbinsa.

Lamarin Shangawa ya fi ban tsoro. Harshensu ba dangin Hausa ba ne, ba kuma na Kambari ba. Masana sun sa shi cikin dangin harsunan Mande, tare da na Busawa da Boko da Kyangawa, dangin da ya miƙe har Mali da Gini. Yau galibin Shangawa Hausa suke yi, ƙauyuka kaɗan na bakin kogi ne suka rage da harshen a bakinsu. Idan harshe ya kama hanyar tafiya, sunayen sassan ɗaki da na kayan aiki ne ke fara ɓacewa, domin su ne abubuwan da aka fara dainawa. Gidan Shangawa a wannan fili, kowane abu da sunansa cikin harshensu da kuma Hausa, ga muryar tsohuwa da aka naɗa tana bayanin yadda ake shirya ɗakin amarya ko yadda ake adana iri, zai riƙe abin da ƙamus shi kaɗai ba zai riƙe ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa ƙasar Shanga ta cancanci karɓar wurin. Babbar hanyar da ta tashi daga Yelwa zuwa Koko da Jega ta ratsa ta, tana da tudu da kogi kusa da juna, sannan cikin ƙananan hukumomi ukun ita ce aka fi mantawa da ita idan ana rabon abin alfahari. Yelwa na da fada da bikin jiragen ruwa na Rigata, Ngaski na da tsohon birni. A dai zaɓi tudun da ambaliya ba ta kaiwa, don mutanen Shanga sun fi kowa sanin abin da Kwara ke yi wa gonaki da gidaje idan ta fusata.

Akwai gida guda da wasu za su ce ba shi da gurbi a gidan tarihi, alhali yana cikin waɗanda suka fi cancanta: gidan da gwamnati ta gina wa waɗanda aka tayar. Da farko Hukumar Madatsun Kwara kuɗin diyya ta riƙa bayarwa mutane su gina da kansu. Da aka ga lokaci na ƙurewa aiki bai tafi ba, sai ta koma gina musu. Wani Bature mai zanen gini, Robin Atkinson, shi ya tsara gidajen, aka yi su da bulon siminti da rufin asbestos. Ya yi ƙoƙarin kwaikwayon fasalin gidajen gargajiya, a ba shi wannan. Amma mutanen da suka tashi ƙarƙashin jinka sun tarar da ɗaki mai zafi da rana, wanda ba za su iya gyarawa da abin da ke hannunsu ba idan ya tsage, ba kuma ya faɗaɗa da sauƙi idan ɗa ya yi aure. Da yawa sun gina ɗakunan laka a gefe, wasu sun watsar da gidajen sun koma kusa da ruwa. A tsayar da irin wannan gida guda daf da gidan gungu, a bar yaro ya shiga wannan ya shiga wancan da tsakar rana cikin watan Afrilu, babu bukatar dogon bayani. A dai kula da rufin, domin ƙurar asbestos na cutar da huhu idan ya farfashe. Bayan Kainji an sake tayar da al'ummu a Jebba da Shiroro da Zungeru, kuma za a ƙara. Duk jami'in da za a ɗora wa irin wannan aiki nan gaba ya kamata a fara kawo shi tsakanin ɗakunan nan biyu.

Abin da ba ya bukatar kwafi shi ne ganuwar Birnin Yawuri a ƙasar Ngaski. Yawuri tsohuwar daula ce, tana cikin jerin da ake kira Banza Bakwai, ta kuma zauna kan hanyar fataken da ke zuwa Gwanja ɗauko goro. Ta ƙasarta Mungo Park ya wuce kafin ya halaka a Busa a 1806, kuma a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka yi makonni a birnin suna neman takardunsa. Sun ba da labarin doguwar ganuwa ta ƙasa zalla mai ƙofofi takwas, suka ƙiyasta kewayenta mil 20 zuwa 30. Ko an rage wani abu na zuzutawar baƙo, birni ne babba. Rikicin cikin gida na ƙarni na 19 ya fitar da sarauta daga cikinsa, ta zauna a tsibiri na wani lokaci, kafin Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa ta a Yelwa a 1888. Abin da ya rage na ganuwar yana bukatar a auna shi, a shata masa iyaka, a hana ɗibar ƙasarsa da noma a kansa. Kano da duk girmanta ta wayi gari a 2010 an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi. Ganuwar da ba ta da mai magana da yawunta ta fi haka sauƙin ɓacewa, kuma ba da katafila ba, da tifa-tifar yashi da garma.

Wani zai ce, ana fama da ta rai wa ke maganar gidan tarihi? Tambayar na da nauyi. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Wara da mutane masu yawa, a watan Yunin shekarar kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Ga asibitoci da makarantu na neman agaji. Duk wanda ya ce wannan wuri zai jawo Turawa 'yan yawon buɗe ido su zo su zubar da dala, yaudara yake yi, kuma kada a gina shi a kan wannan alkawari. Baƙinsa na farko 'yan makarantar masarautar ne, sai matafiya da ke bin babbar hanya, sai masu zuwa Rigata, sai 'ya'yan ƙasar da ke Legas da Kaduna da ke son nuna wa 'ya'yansu tushensu. Kuɗinsa kuma laka ne da ciyawa da itace da ladan magina, abin da ba zai kai kuɗin kilomita guda na kwalta ba. Tsaro da gidan tarihi ba daga aljihu ɗaya suke fitowa ba, kuma na biyun yana da wa'adi: wanda ya shekara 15 a 1968, ya isa ya taya babansa gini ya kuma tuna, yau ya haura 70. Jiran sai ƙasa ta lafa gaba ɗaya daidai yake da yanke shawarar kada a yi.

Cikas na biyu ba a cika faɗinsa a fili ba, shi ne kunya. An daɗe ana koya wa mutanen karkara cewa ɗakin laka alamar talauci ne, kuma a ƙasar Yawuri an daɗe ana ganin mutum ya waye ne idan ya ajiye harshensa da al'adarsa ya zama Bahaushe. Wani masani Ba'amurke, Frank Salamone, ya zauna a yankin 'yan shekaru bayan tashin, ya rubuta yadda Gungawa ke rikiɗewa su koma Hausawa. Mai wannan rubutu da Hausa yake yi, kuma yana alfahari da ita, amma Hausa ba ta bukatar ta haɗiye harsunan Gungawa da Shangawa kafin ta yi girma. Wasu kuma za su ji tsoron kada a dawo da tsafi ta bayan gida. Amsar ita ce a sa malamai cikin shawara tun farko, a kuma bar kowace al'umma ta zaɓi abin da take so a nuna da wanda take so a bari. Nuna yadda kakanni suka yi rufi da rumbu ba bauta ba ce. A Argungu, gidan da Sarki Yakubu Nabame ya gina, wanda ya zama fada har zuwa 1942, tun 1958 aka mai da shi Gidan Tarihin Kanta, kuma bai rage wa Kabawa komai a addininsu ba.

Sai batun da ya kayar da Jos, wato gyara. Tun ran gini ran zane: ranar da aka sa tushe, a ranar za a san wanda zai yi yaɓe baɗi. A garin Jenne na ƙasar Mali, babban masallacin laka da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye ne saboda duk shekara gari na fitowa ƙwansu da kwarkwata su yaɓe shi, unguwa na gasa da unguwa, ƙarƙashin jagorancin magina. Mu ma muna da gayya. A danƙa kowane gida a hannun al'ummar da ke da shi, Gungawa nasu, Shangawa nasu, Kambari nasu, a sa ranar yaɓe da baibaya cikin rani, a haɗa ta da lokacin Rigata, a ba gidan da ya fi kyau kyauta daga hannun Sarki. A ɗauki magina tsofaffi a kan albashi, kowanne da yara biyu ko uku da zai koya wa, domin sana'ar ita ce abu mafi tsada da wurin zai adana.

Kuma a hana siminti. Wannan shi ne babban haɗarin da ke jiran aikin idan ya faɗa hannun 'yan kwangila: a zuba bulo, a shafa jan fenti, a ɗora ciyawa kan kwano, a yanka zare a ɗauki hoto. Siminti a kan laka na kulle danshi a ciki har bango ya ruɓe ya zube, sannan irin wannan gini ƙarya yake koya wa yaro. Idan za a yi haka, gara a bar filin a noma gyaɗa.

Masu biya ba ɓoyayyu ba ne. Kainji na da ƙarfin samar da megawat 760, ta haskaka Legas da Kano, har Yamai na shan wutarta, tun kafin ƙauyuka da dama na bakin tabkin su ga turken lantarki. Hukumar HYPPADEC da aka kafa don raya yankunan da ke samar da wutar ruwa tana da Kebbi cikin jihohinta, kuma babu aikin da ya fi dacewa da dalilin kafa ta kamar wannan. Kamfanin Mainstream da ke gudanar da madatsar tun 2013 yana da nasa haƙƙin maƙwabtaka. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta kawo ƙwarewa, ta kuma ba da aron kayan da aka tono a Yelwa idan an sami ɗakin da ya dace. Ƙaramar hukumar Shanga ta ba da fili da takarda.

Matakin farko ma ba ya jiran kowa daga cikinsu. Da wayar hannu da tef ɗin awo za a fara. A tura ɗaliban tarihi da na zanen gini daga manyan makarantun Kebbi da Sakkwato da Zariya su bi ƙauyukan da aka tayar, su zauna da dattawa maza da mata, a sa su zana tsohon gidansu a ƙasa da sanda, a auna, a naɗi muryarsu, a nemi tsofaffin hotunan da ke ƙasan akwatuna. Akwai rubutun da za a jingina da shi: na P. G. Harris kan Yawuri tun 1930, da binciken Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, kan daular a ƙarni na 19. Masarautar da ta ba Jami'ar Sakkwato shugabanni biyu, shi da Mai Martaba Sarkin Yawuri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ba ta rasa masu ilimin da za su ja ragamar wannan aiki ba.

Roƙon yana ga Mai Martaba da hakimansa da shugabannin ƙananan hukumomin uku: a kira taron dattawan Gungawa da Shangawa da Kambari da Sarkawa, a naɗa masu ɗaukar bayani kafin damina ta sake faɗuwa, a nuna filin, a kuma kwaɓa ƙasar ɗakin farko cikin ranin nan mai zuwa.